Gidan 'Yar Tsanar Da Babu 'Yar Tsana A Cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tanka wa wani bawan Allah da ya rubuto kwanakin baya. Kun buga hoton ƙaramin gidan nan na Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, shi kuwa ya ce abin bai wuce shagalin masu hannu da shuni ba, wai manya da gemunsu sun zauna suna ƙera kayan wasan yara alhali talaka na kwana da yunwa. Ban ce maganarsa ba ta da ƙamshin gaskiya ba, zan ma dawo kanta. Sai dai ni aikin katako na koyar a makarantar koyon sana'a har na yi ritaya, kuma Allah ya nufa na ga gidan nan ido da ido lokacin da na je wajen ɗana da ke aiki a wani gari kusa da Windsor. Duk wanda ya taɓa riƙe zarto ba zai kira abin nan wasa ba.

A 1921 ne wata gimbiya, Marie Louise, jikar Sarauniya Victoria, ta kawo shawarar a yi wa Mary, matar Sarki George na Biyar, kyautar ƙaramin gida, don kowa a fada ya san ta da son tara ƙananan kayan ƙawa. Ta kai maganar gun Edwin Lutyens, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na Birtaniya a lokacin. Mutumin nan yana tsakiyar aikin sabon birnin Delhi ne a Indiya, har da katafaren gidan da shugaban ƙasar Indiya ke zaune a ciki yau. Bai ce an raina shi ba. Ya karɓa, ya zana gidan tamkar na gaske, aka tattaro masu sana'ar hannu da masu zane da kamfanoni sama da 1,500, aka kammala a 1924. Tsayinsa ƙafa 5, faɗinsa ya ɗan haura ƙafa 8. Bangon waje ɗungurungum ake ɗaga shi sama, sai ɗakunan su bayyana ta kowace fuska.

Ƙa'ida guda aka gindaya wa kowa: inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Ƙofar da a gidan gaske take ƙafa 7, a nan inci 7 ce. Kujerar da mazauninta ke da tsayin inci 18 daga ƙasa, a nan inci ɗaya da rabi. A baki abin da sauƙi, ka raba komai gida 12 ka huta. A hannu ne ake gane borno gabas take.

Bari in yi bayani irin na shago. Kafinta in yana haɗa tebur na gaske ya kauce da milimita ɗaya, ba wanda zai sani. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cusa a ramin, ya goge, ya shafa fenti, mai kaya ya biya yana godiya. A ƙaramin gida milimita ɗayan nan daidai take da kusan rabin inci, wato gibin da za ka zura ɗan yatsa. Babu wurin ɓoye ha'inci. Katakon da kaurinsa inci ɗaya ne ya koma milimita biyu da 'yan kai, kuma a jikin wannan siririn abu ake so ka huda, ka fere, ka haɗa gaɓa da gaɓa ba tare da ya tsage ba. Aljihun tebur dole ya jawu ya koma. Ƙofa dole ta rufu, makulli ya juya a cikinta.

Wannan ma mai sauƙi ne, don haƙuri da kaifin ido na iya maganinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne abubuwan da Allah ya halitta da girmansu, waɗanda ba sa bin lissafin mutum. Kana iya rage kujera sau 12, amma ba ka isa ka ce wa bishiya ta rage jijiyar jikinta ba. In ka yanko maɗaci irin wanda muke yin ƙyaure da shi ka yi 'yar kujera, jijiyoyin za su fito manya-manya su tona maka asiri, ido ya gane nan take cewa ƙaramin abu ne aka yanko daga babba. Shi ya sa masu wannan sana'a ke neman itace mai laushin jiki, wanda zanensa ke da ƙanƙanta ainun. Haka yadi. Labulen gaske nauyinsa ne ke sa shi zubowa yana lanƙwasa. Ka yanko ɗan ƙyalle daga yadin nan ka rataya a 'yar taga, sai ya sandare ya ƙi kwanciya, don zaren ya yi masa kauri, nauyi kuma babu. Sai an nemi zare mafi siranta an saƙa musamman. Ruwa ya fi kowa taurin kai. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne a fada da bukka, in bututu ya cika ƙanƙanta sai ya maƙale a bakin famfo ya ƙi sauka. Duk da haka an ja wa gidan nan ruwan zafi da na sanyi, aka yi masa bayan gida mai tafiya da ruwa, da wutar lantarki, da lif mai hawa da sauka. A 1924 ke nan, lokacin da gidaje da yawa a Ingilar kanta ba su san lantarki ba.

Wani lissafin da nakan ba ɗalibaina su yi ta mamaki: in ka rage tsawo sau 12, faɗin fili raguwa yake sau 144, abin da ciki zai ɗauka kuma sau 1,728. Ke nan sai ka juye kofi 1,728 na gidan nan kafin ka cika kofi ɗaya na shan shayinka.

A Windsor gidan yana bayan gilashi ne, a ɗakin da Lutyens ɗin ya tsara masa, inda yake tun 1925. Layi ake bi ana zagaya shi, na baya na matsa na gaba. Ni wajen ɗakin karatu na toge har sai da ɗana ya taɓa ni. An lulluɓe bangon da katako mai duhu, an yi kantoci daga ƙasa har sama, ga ginshiƙai an fere su, ga kujerun fata, ga teburin rubutu da kayansa. Na karkata kai ina neman inda aka yi coge a kusurwa, inda gam ya tsatso ko baki bai haɗu da baki ba, irin duban da nake wa aikin jarrabawa. Ban samu ba. Littattafan da ke kantocin kusan 600 ne, kowane bai kai kwalin ashana ba, kuma ba katako aka fenta aka jera don ado ba, buɗe su ake a karanta. Sama da 170 daga ciki marubutan zamanin ne suka rubuta da hannunsu. Arthur Conan Doyle, mai labaran Sherlock Holmes, sabon ɗan gajeren labari ya ƙaga musamman saboda gidan. Shahararren marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw kuwa da aka tambaye shi ƙi ya yi, don haka mai wasiƙar da nake ba amsa ba shi ne farau ba wajen yi wa abin kallon banza. Akwai kuma ƙananan zane-zane sama da 700 da masu zane suka bayar. Da gidan ya cika shekara 100 a 2024, Sarauniya Camilla ta sa aka yi sababbin littattafai 20 na marubutan yanzu, cikinsu har da Ben Okri, haifaffen Minna.

Sauran ɗakunan sai dai in ratsa da gudu. A ƙarƙashin gidan akwai aljihu biyu manya: ka jawo ɗaya ka ga garejin motoci, su Rolls-Royce da Daimler, ka jawo ɗayan ka ga lambu, wanda gwanar tsara lambuna Gertrude Jekyll ta tsara tana da shekara kusan 80, idonta ma ya raunana. Akwai ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe da kambin sarauta a ciki. Akwai bindigogin farauta da ake karyawa a ɗura. Akwai rumbun kwalabe da giyar gaske a ciki, wannan kam ba ruwana, na kau da kai. Abin da ya fi burge ni bayan ɗakin karatu shi ne keken ɗinki Singer, irin dai wanda iyayenmu mata suka sani, an ƙanƙantar da shi har ya zauna a tafin hannu. Kuma ba a manta da barori ba. Ɗakunansu na nan da gadajensu marasa ado, nesa da banɗakin sarki mai dutsen marmara. Wanda ya iya kallo zai karanta yadda aka jera mutane hawa-hawa a Ingila ta wancan zamani, ba tare da an rubuta masa ko harafi ba.

Ga kuma abin da hotonku bai nuna ba: babu 'yar tsana ko ɗaya a gidan. An shimfiɗa gado, an jera cokula a teburin cin abinci, amma ba kowa. A ganina nan ne masu aikin suka nuna sun san iyakarsu. Kujera ana iya yin ta ta zama kujera sak, sai dai ƙarama. Mutum kuwa duk gwanintarka gunki za ka yi, ya tsaya ƙiƙam da ido a bushe, ya ɓata sauran aikin. Da aka bar ɗakunan wayam, sai mai kallo ya ji kamar masu gidan sun ɗan fita ne. Ga masu ƙyamar mutum-mutumi a cikinmu ma wannan ya rage musu damuwa, hukuncin kuwa na bar wa malamai.

Ba Turawan Ingila ne suka fara ba. A Amsterdam ta ƙasar Holan, wata matar attajiri, Petronella Oortman, ta yi daga 1686 zuwa wajen 1710 tana haɗa nata a cikin kabad da aka yi wa ado da ƙoƙon bayan kunkuru, har daga Sin ta sa aka kawo mata 'yan tangaran. Kuɗin da ta kashe ya isa sayen gida na gaske a birnin. Yana gidan tarihi na Rijksmuseum yanzu, kuma a ciki akwai ɗakin wanki da guga, da ɗakin mai jego inda mata ke zuwa barka. A garin Arnstadt na Jamus wata gimbiya, Auguste Dorothea, wadda ta rasu a 1751, ba ta tsaya a gida ɗaya ba, gari guda ta yi: kasuwa, kantin magani, masu sana'a iri-iri, ɗakuna da fage sama da 80 da 'yan tsana kusan 400. Ita kam bashi ya yi mata katutu a kan abin, kuma da a ce da ita mai wasiƙar ya kafa hujja, da na yi shiru. Amma yau duk mai son sanin irin tukunyar da ake girki da ita ko yadda ake shanya tufafi a waɗannan garuruwa shekara 300 da suka wuce, wajen waɗannan mata yake zuwa. Malaman tarihi sun rubuta yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna, ba wanda ya damu ya rubuta yadda tsintsiya take.

Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na kafinta ma a nahiyarmu yake. A 1920 masu tonon tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in fadar Fir'auna, kusa da Luksor a Masar, suka tarar da ƙananan siffofi na katako da suka shekara kusan 4,000: rumbun hatsi, masaƙa, jiragen ruwa, ranar ƙidayar shanu. Cikinsu akwai shagon kafintoci, wanda ke Alƙahira yanzu. An ɗaure gungume a jikin turke a tsaye, mutum ɗaya na tsaga shi da zarto, wasu na sassaƙa da gizago, wani na huda da guduma. Su don aƙidarsu ta lahira suka yi, wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu. Mu dai abin da ya iso mana shi ne yadda ake tsaga katako kafin a haifi kakannin kakanninmu.

To, batun kuɗi da yunwa. Yawancin kayan gidan Windsor kyauta masu yin su suka bayar, kuma kuɗin shiga da aka tara wajen nuna shi ƙungiyoyin agaji da sarauniyar ke tallafa wa aka ba. Amma kada mu yaudari kanmu, ba don Allah kaɗai kamfanonin suka yi ba. An fito daga yaƙin 1914 zuwa 1918, kasuwa ta faɗi, ana neman a nuna wa duniya cewa kayan Ingila ba su da na biyu. Talla ce, kuma ta ci. Wurin da aka fara baje shi shi ne babban bajekolin daular Birtaniya na 1924 a Wembley, wanda saboda shi aka gina tsohon filin ƙwallon da matasanmu suka san sunansa. Mutum sama da miliyan 1.6 suka bi layi suka kalli gidan.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A cikin wannan fili na Wembley an gina wani gari mai jar ganuwa irin ta biranenmu na Arewa, aka zuba rumfunan Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo a ciki. Aka kwaso masu sana'a daga Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suka zauna a ciki suna saƙa da sauran aikin hannu, Turawa na zagayawa suna kallonsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a shekarar ya halarci bajekolin. Irin abin da jaridun can suka riƙa rubutawa a kan baƙar fata ya ɓata wa ɗalibanmu da ke Landan rai, ɗaya daga cikinsu, ɗan Najeriya Ladipo Solanke, ya yi ta rubutun ƙorafi, kuma a 1925 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma. A fili ɗaya, a shekara ɗaya, an nuna aikin hannu iri biyu. Na Ingila aka buga masa littafi mai juzu'i biyu, aka lissafa kayan ɗaki bayan ɗaki, da sunan wanda ya yi da wanda ya bayar. Namu kuwa mutanen ne kansu suka zama abin kallo, mu nan gida ma ba mu riƙe sunayensu ba. In akwai abin jin haushi a labarin nan, ni a nan nake jin sa, ba a kan 'yar kujera ba.

Don haka maimakon tsaki, ga abin da nake ganin ya fi. Hannun da zai yi irin wannan aiki muna da shi. Duk wanda ya tashi a karkara ya ga yaro ya zauna da totuwar kara da ɓawonta, ba ruwansa da ma'auni, ya ƙera mota da ƙofa mai buɗewa, ko ya fasa gwangwanin madara ya fitar da tirela. 'Yan mata kuma suna jera wa 'yar tsanarsu ɗaki da 'yan tukwanen yumɓu. Abin da ya rage a ɗora musu shi ne ƙa'idar awo, da kuma wanda zai ce musu abin nan sana'a ce. Ga kuma abin da ke salwanta a gabanmu. Gidajen ƙasa na cikin birnin Zariya da Kano da Katsina da Damagaram kullum rushe su ake ana kafa bulo. Maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo tsufa suke, 'ya'yansu sun koma siminti. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, tun shekarun 1970 aka kewaye abin da ya saura daga cikinsa da sabon gini. An yi kwafinsa da cikakken girmansa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, aiki ne mai kyau, amma ginin ƙasa komai kyansa yana son yaɓe duk bayan damina. Ƙarami a cikin gilashi ba ruwansa da ruwan sama.

Me zai hana wata masarauta, ko sashen koyar da zanen gini na wata jami'a, ko wani attajiri mai kishi, ya ɗauki nauyin gidan Bahaushe guda a kan awon inci ɗaya ƙafa ɗaya? Zaure da dakalinsa, shigifa, turaka, ɗakin uwargida da jerenta na tasoshi da gadon ƙarfe mai rumfa, rumbu, murhu, rijiya da gugarta, zankwaye a kan soro, indararo mai zubar da ruwa da gaske. Sarkin magina ya tsaya a kan ginin, a tankaɗe ƙasa a yi 'yan tubala da hannu, a shafe da makuba. Azara za ta ba da wahala, don jijiyar giginya ta yi kauri, sai an gwada wani icen. Dukawa su yi sirdi da titimi, maƙera su yi ƙwarya-ƙwaryar fartanya da kwaɗo mai buɗewa, marinan Ƙofar Mata su rina ɗan turkuɗi, masu ɗinkin hannu na Zariya su fitar da aska takwas a kan rigar da ba ta kai inci 5 ba. Wani alaramma mai kyan hannu ya rubuta allo. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassautawa a kansa: a buɗe littafi, duk wanda ya sa hannu, ko da igiyar guga ya tufka, a rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu da wanda ya koya masa.

Ni na ɗauki ƙyauren zaure da akwatin lefe, muddin ido da tabarau suka ba ni haɗin kai. Ina da guntayen kanya da suka daɗe da bushewa a shago, jikinta ya yi laushin da ake so. Duk mai sana'ar da ke da sha'awa, Malam Edita, ya rubuto ta hannunku, in ba za ku gaji da mu ba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin aikin katako,
Tudun Wada, Zariya